Kayan Jego Daga Makka Zuwa Landan: Abin Da Zai Isa Da Abin Da Za A Ƙone

Assalamu alaikum Anti. Ni mazauniyar Makka ce. 'Yata ta fari tana aure a Landan, kuma sati biyu ke nan da Allah ya sauke ta lafiya, an samu namiji, haihuwar fari. Na nemi biza don in je in yi mata wankan jego amma har yanzu shiru. Sai na haɗa mata kaya: dambun nama da na yi da hannuna, kilishin da aka kawo min daga Kano, man shanu, yajin jego, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, garin kunu, kanwa, zuma, dabinon ajwa, galan ɗin zamzam, humra da turaren wuta. Sai ga mijinta ya aiko wa Alhaji saƙo cewa kada a sa nama da man shanu, wai doka ta hana. Abin ya sosa min rai, gani nake kamar ƙyamar abincinmu yake ko raini ne. Wata maƙwabciyata ta ce in zuba dambun a gwangwanin madara, in naɗe cikin atamfa, in rubuta tufafi a takarda, ta ce ita ta taɓa yi ya wuce. Anti, me zan yi? Ba na son yarinyar nan ta yi jego kamar marar uwa.

Kakar jariri, daga Makka

Wa alaikumus salam Hajiya. Barka da arziki. Allah ya raya miki angon nan naki bisa sunna, ya ba mai jego lafiya da ruwan nono.

Zan fara da abin da ya fi yi miki ciwo, domin in ba a warware shi ba, duk bayanin kwali da sikeli da zan yi ba zai shige ki ba. Surukinki bai raina ki ba, kuma ba ƙyamar girkinki yake ba. Abin da ya faɗa wa Alhaji gaskiya ne tsantsa, kuma yadda ya bi ta hannun Alhaji maimakon ya bari ki kashe kuɗi kaya su salwanta, wannan ladabi ne irin na ɗan da aka yi wa tarbiyya. Na fahimci dalilin da ya sa maganar ta yi miki zafi. A al'adarmu haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Yarinya ta dawo gida, a dafa mata ruwan wanka safe da yamma, a dama kunu, a yi farfesun ƙauri, uwa tana tsaye a kanta har a yi arba'in. Ke kuwa ga shi kina zaune a Makka hannunki ba ya taɓa komai, wannan kwalin shi ne zai tafi a madadinki. Shi ya sa da aka ce a cire abu biyu daga ciki kika ji kamar ke aka ce kada ki zo. Ba haka ba ne, Hajiya. Mafi yawan abin da kika lissafa zai isa hannunta lafiya in kika bi hanya.

Dokar Ingila a kan wannan a fili take. Daga ƙasashe irin Saudiyya da Najeriya ba a yarda mutum ya shigar da nama ko wani abin da aka yi da nama ba, haka madara da duk abin da aka sarrafa daga madara. Ba ruwansu da cewa busasshe ne ko soyayye, na saniya ne ko na rago ko na kaza, kilo goma ne ko ƙulli ɗaya. Kuma hukuncin ɗaya ne ko a jakar matafiyi aka ɗauko ko ta gidan waya aka aiko. Kilishi, dambu, tsire, soyayyen naman layya, man shanu, madarar gari, cuku, duk layi ɗaya suke. Don ki san ba mu kaɗai aka ware ba, a ranar 12 ga Afrilu 2025 har wanda ya fito daga Faransa ko Jamus, maƙwabtansu na kusa, sai da aka hana shi shiga da naman shanu da tumaki da awaki da alade da kuma cuku na guzurinsa.

Akwai dalili, kuma dalili ne da duk wanda ya san kiwo zai gane. A 2001 cutar nan ta dabbobi mai kama baki da kofato, wadda makiyayanmu ke kira boru, ta ɓarke a Ingila. An gano ta faro ne daga wata gonar aladu a arewacin ƙasar inda ake ba dabbobi ragowar abincin da ba a tafasa ba, kuma ana kyautata zaton a cikin ragowar ne aka samu naman da aka shigo da shi ta ɓarauniyar hanya. Kafin a shawo kanta sai da aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6, ana tara su ana ƙonawa a gonaki, manoma suna kallon dukiyarsu tana zama toka. Tun daga nan ba sa wasa da maganar nama a bakin iyaka. Mu ma nan mun ga irinta. A shekarar 2000 da zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a yankin Jazan, ya kashe mutane da dabbobi, Saudiyya ta rufe ƙofar shigo da tumaki da awaki daga ƙasashen gabashin Afirka, kuma ba wanda ya ce raini ne. Kowace ƙasa tana tsare garkenta.

Na san za ki ce dambunki ya dahu, an daka shi, an soya shi har ya bushe ƙayau, wace cuta za ta rayu a ciki? Ban musa miki ba. Amma jami'in da ke tsaye a wurin tantance kaya, da dubban kwalaye suna wucewa a gabansa, ba shi da hanyar bambance dambun da uwa mai tsafta ta soya awa uku da naman da aka shanya a rana kwana ɗaya. Saboda haka aka yi dokar ta hau kan kowa.

Yanzu ga shawarar maƙwabciyarki. Ina roƙonki kada ki bi ta. Na yarda mai yiwuwa nata ya wuce, ba kowane kwali ake buɗewa ba. Amma kaya suna bi ta na'urar da ke nuna abin da ke ciki, akwai karnukan da aka horar don shinshino nama, kuma yajin dambu ba ya ɓuya a atamfa. Sannan ki duba dabarar da kanta: gwangwanin madara aka ce ki sa, alhali madarar ma tana cikin abin da aka hana. Ke nan kin ɗauki abin da zai fi jan idon jami'i kin ɓoye wani haramtaccen a cikinsa. In aka kama, za a ƙwace a ƙone, kuma ba mamaki sauran kayan da ke halal su bi shi, ko su yi makonni a tsare har kuka ta yi ɗumi, dabino ya yi tsami. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan da ke jikin kwalin. Ke kina Makka, maƙwabciyarki tana Makka. Takardar sanarwar ƙwace kaya gidan 'yarki za ta je, da sunanta da adireshinta. A Ingila wanda aka samu da irin waɗannan kaya a ɓoye ana iya cin sa tara har fam 5,000 idan laifin ya yi girma. Ba cewa nake ƙullin kilishi zai sa a kore su daga ƙasar ba. Amma mutumin da ke zaune a ƙasar wasu da takardar zama, wanda zai koma neman sabuntawa, ba ya son sunan gidansa ya shiga kundin hukuma ta hanyar ƙarya a takardar kwastam. Ke da kike zaune a Saudiyya kin fi kowa sanin yadda mai iƙama, wato takardar zama, ke kaffa-kaffa da duk abin da zai haɗa shi da hukuma. To abin da surukinki ke ji ke nan. Ga kuma wata fuskar: takardar nan ke za ki sa mata hannu cewa abin da kika rubuta gaskiya ne. Abincin da za ki ciyar da mai shayarwa, wanda zai zama nonon da jikanki zai sha, bai kamata ya tafi a kan ƙarya ba.

To mu koma kan kayanki ɗaya bayan ɗaya, za ki ga alherin ya fi yawa.

Dabino yana cikin 'ya'yan itatuwa ƙalilan da Ingila ta yarda a shigo da su ba tare da takardar shaidar lafiyar tsiro ba, don haka ajwarki ba ta da matsala. Ki sayi wadda kamfani ya rufe a kwali da ledarta da kwanan wata, kada ki ɗebo ta buhu a kasuwa. Busasshe-busasshe irin ajwa da safawi da sukkarin da ya bushe sun fi jure hanya. Ruɗab mai laushi da ake ajiyewa a firiji kada ma ki fara, kafin ya isa ya yi tsami. Ma'amul da cincin da dublan su ma suna wucewa, a sahun biskit suke. Tuwon madara ne ban yarda ki sa ba, domin kusan madara ce zalla.

Kuka, kuɓewa, zogale, karkashi, barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, duk abin da aka busar aka daka ya zama gari, bisa ƙa'ida yana shiga, domin an riga an sarrafa shi. Inda ake samun cikas shi ne ɗanyen abu da kuma abin da za a iya shukawa. Ɗanyar citta, tafarnuwa, albasa, ɗanyen ganye, waɗannan sai da takardar hukumar gona, dankalin turawa kuwa an hana shi kwata-kwata. Saboda haka gero da dawa kada su tafi tsaba, a niƙa su. Daddawa ma ki busar da ita sosai ki daka, ta fi sauƙin wucewa kuma warinta ya fi kamuwa a leda. Wake ki bar shi gaba ɗaya in na Najeriya ne: tun 2015 Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a jikinsa, irin wanda 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don kada ya yi ƙwaro.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma zai faranta miki: kifi ba ya cikin haramcin nama. An yarda da busasshen kifi da banda da jatan lande har kilo 20. In kina da kifin banda mai kyau wanda ya bushe ƙarau, ba tsutsa ba danshi, ki gyara shi, ki cire kai da ƙaya, ki rufe a leda mai kauri. Farfesun busasshen kifi da yajin jego abinci ne na mai jego sosai. Sai dai ki tambayi kamfanin da za ki aika ta hannunsu tun kafin ki sayo, domin dokar ƙasa daban, dokar kamfani daban. Akwai kamfanonin da ba sa karɓar abincin da aka haɗa a gida ko mai ƙarfin wari ko da ƙasar da za a kai ta yarda.

Zuma an yarda da ita har kilo 2, kada ki haura. Ki nemi ta roba wadda aka rufe daga kamfani, kada ta kwalba, ki naɗe murfin da salatif, ki sa a leda biyu. Kuma don Allah ki gaya wa 'yarki zumar tata ce, ba ta jariri ba. Likitoci sun yi ittifaƙi kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko ɗigo, saboda tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya murƙushewa amma na jariri ba ya iyawa, sai ta saki dafin da ke shanye jiki har numfashi ya gagara. Na san muna da al'adar lasa wa jariri, shi ya sa nake nanatawa.

Kanwa kuwa zan tsaya a kanta, ba don kwastam ba. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi sama-sama, kuma suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa haɗe da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Kanwa gishiri ce mai ƙarfi, tana sa jiki ya riƙe ruwa, zuciyar da ta riga ta gaji da ɗaukar ciki sai nauyin ya yi mata yawa. 'Yarki tana can ba babbar mace a kusa da za ta lura da ita, ga sanyi da zai sa ta riƙa sha babu ƙaƙƙautawa. Ra'ayina ki cire kanwar. Kunun gyaɗa da kunun tsamiya da kunun alkama sun ishe ta, kuma suna kawo nono. In ta taɓa samun hawan jini lokacin cikin, to maganar kanwa ta mutu sam. Ko ta fuskar tantance kaya ma, dunƙulen abu fari-fari marar suna a leda shi ne irin abin da ke sa a farke kwali.

Zamzam ba za ta bi ta wannan hanya ba. Saudiyya ta hana fitar da ita don kasuwanci, kamfanonin aika kaya ba sa karɓa, kuma hanyar da aka sani ita ce galan mai lita 5 da aka rufe a kwalinsa, wanda alhaji ko mai umara ke tafiya da shi a jirgi. Musulmin Ingila ba sa yankewa a Harami duk shekara. Surukinki ya tambaya a masallacinsu, da wuya a rasa mai zuwa umara da zai taimaka. Humra ma ki ajiye ta. Duk turaren ruwa mai sinadarin da ke kama wuta, a wurin jiragen sama kayan haɗari ne, gidan waya ba ya ɗauka, haka gawayin turare mai saurin kamawa. In aka gano kwalba ɗaya a na'ura tun a Jidda za a dawo miki da kwalin duka. Turaren wuta busasshe yakan wuce, amma ni ba zan haɗa shi da abinci ba ko da an yarda. Kwana biyar a rufe tare, kukarki da garin kununki duk sai sun koma ƙamshin sandal, ba mai iya ci. Ki yi masa ƙaramin kwali nasa daban.

Sai ɗauri. Abokan gabanki biyu ne, danshi da zafi. Kwalin zai iya kwana a sito ko a filin jirgi cikin zafin da ya haura digiri 40, sannan ya sauka cikin sanyi da ruwan sama. Abin da ke da ɗan danshi kaɗan gumi zai yi a leda, ya yi funfuna kafin a buɗe. Don haka ki sake shanya komai ko da kina ganin ya bushe. Garin kunu da kuka ki ɗaure su tam ki sa a firiza kwana uku ko huɗu don ƙwan ƙwari ya mutu, in kin fitar kada ki kwance sai sanyin ya gama fita, in ba haka ba raɓa za ta shiga. Ƙwaro ɗaya mai rai da jami'i zai gani ya isa a hana kaya shiga. Yajin jego in da ƙuli-ƙuli a ciki, ki tabbata gyaɗar sabuwa ce mai kyau, domin tsohuwar gyaɗa mai funfuna tana da guba mai lahanta hanta, ga man da ke saurin yin ɗaci a zafi.

Kowane abu leda biyu, ta ciki a matse iska a fitar. In kin samu mai injin zuƙe iska ya like miki, ya fi. A jikin kowace leda a manna takarda da sunan abin da Turanci da abin da aka haɗa shi da shi: garin ganyen kuka, garin kuɓewa, garin gero, yaji mai barkono da citta da kanumfari. Wani cikin yaranki ko jikokinki 'yan makaranta zai rubuta miki. Wannan 'yar takardar tana da amfani ƙwarai, domin koren gari marar suna a leda abin tuhuma ne a kowane filin jirgi na duniya. Ki nemi sabon kwali mai kauri biyu, kada ki ɗauko tsohon kwalin baƙala, wato kanti, mai rubutun sabulu ko man girki a jiki. Masu nauyi a ƙasa, a cike gurabe da takarda har in an girgiza ba a jin motsi. Amma kada ki like a gida. Ki kai shi a buɗe da salatif ɗinki a hannu, domin ma'aikatan za su so su gani kafin su karɓa.

Wajen kuɗi, ki san ba nauyin sikeli kaɗai ake dubawa ba. Kamfanonin gaggawa irin DHL da Aramex suna auna girman kwali, tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, su raba da 5,000, sai su caje ki da wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Kwali mai 40 da 30 da 30 a wurinsu kilo 7.2 ne ko da zogale kaɗai ke ciki. Ke nan ƙaramin kwali a cike ya fi babba rabi iska. Gidan wayar Saudiyya, wato Barid, wanda yanzu ake kira Subul, yakan fi sauƙin kuɗi amma ya fi jinkiri. Tunda jego kwanaki ne ƙidayayyu kuma an riga an ci sati biyu, ni da na rage kaya na biya na gaggawa. Masu kargon da muka saba ba su kaya zuwa Kano da Yamai a kan kilo, wannan hanya ce daban, kada ki auna Landan da ita, kuma abinci ba ya bin jirgin ruwa. Ki tafi da katin shaidarki da adireshinki na ƙasa, da cikakken adireshin 'yarki har da lambar unguwa, wadda a Ingila haruffa ne haɗe da lambobi, da lambar wayar mijinta, tunda mai jego ba kullum take kusa da waya ba.

A takardar kwastam, wadda a gidan waya ake kira CN22 ga ƙaramin kaya, CN23 ga babba, kada a rubuta “abinci” kawai ko “kyauta” kawai. A jera komai da nauyinsa da kimarsa ta gaskiya, a yi alama a gurbin kyauta. Kyautar da mutum ya aika wa mutum wadda kimarta ba ta wuce fam 39 ba, ba a karɓar haraji a kanta. In ta wuce, ana iya neman mai karɓa ya biya wani abu haɗe da ladan kamfani kafin a miƙa masa. Ajwa mai kyau da zuma kaɗai za su iya haura wannan, don haka a sanar da surukinki tun da wuri. Kada a rage kima don gudun haraji, domin in kaya suka ɓace, abin da kika rubuta shi za a duba wajen biyan diyya. Kuma tunda waɗannan dokoki ana taɓa su lokaci-lokaci, musamman in wata cuta ta ɓulla, ki sa a tura wa surukinki jerin kayan ya duba shafin gwamnatinsu kafin ki fita daga gida. Wannan ma wata hanya ce ta nuna masa an ɗauki maganarsa da daraja.

In kuma kin samu matafiyi da zai riƙe miki wani abu, to dokar nama da madara tana nan a kansa shi ma, kada ki jefa bawan Allah cikin wahala. Ki buɗe komai a gabansa ya gani da idonsa. Wanda ya ƙi karɓar ƙullin da bai ga cikinsa ba kada ki ji haushinsa. Ba mu manta da ɗalibar nan 'yar Najeriya da aka kama a Madina a Disamba 2018 ba, saboda jakar ƙwaya da wasu suka maƙala wa sunanta tun daga filin jirgi ba da saninta ba, sai a ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta bayan gaskiya ta bayyana. Tun daga lokacin mutane suka ƙara tsoron saƙo, kuma suna da hujja.

Saura naman. Hajiya, Landan cike take da mahautan halal. A Whitechapel da kewayenta akwai su layi-layi, a Peckham kuwa shagunan 'yan Najeriya har ƙafar saniya da kayan ciki da manja suna sayarwa, man shanu kuma yana nan a gwangwani a kowane shagon 'yan Pakistan da Indiya. Abin da babu a can shi ne haɗin yajinki, kuma shi doka ba ta hana ba. Ki daka kayan dambun daban, ki auna daidai na kilo biyu na nama a kowace leda, ki rubuta a jiki. Kuɗin da za ki kashe wajen aika kilo uku na nama, Alhaji ya tura wa surukin ya sayo sabo. Sai a sa rana, a kira ki ta bidiyo, a jingina wayar a kicin. Ki ce a zuba albasa da citta, ki ce a bar shi ya ƙara dahuwa har ruwan ya tsotse, ki ce a daka, ki ce a rage wuta, ki ce a ci gaba da juyawa kada a gaji. In akwai wata Bahaushiya a kusa da su da za ta kama mata, a nemo ta, in babu, mijin ya tsaya a kan tukunyar, ba abin kunya ba ne a inda ba dangi. Dambun da zai fito sabo ne, bai kwana a sito ba, kuma za a iya maimaitawa duk sati har a yi arba'in. Kilishin Kano kuma ku ci abinku a gida, ko ki raba wa maƙwabta tukuicin barka.

Tunda akwai kunya tsakaninki da surukinki, ba sai kin yi masa doguwar magana ba. Alhaji ya mayar masa da amsa cewa an ji, an gode, an cire naman da man shanu, ga jerin abin da ya rage. Ita kuma 'yarki kada ki kai mata ƙarar mijinta a wannan hali. Mace mai ɗanyen jego, ba barci, ga kewar gida, in ta ji uwarta da mijinta sun saɓa a kanta, kuka za ta yi ta yi ita kaɗai a ɗaki. Ki riƙa kiranta kullum kina tambayar abin da ta ci da yadda jikinta yake. In ta ce miki ƙafarta na kumbura, ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, ko ciwon kai mai tsanani ya ƙi sauka, ko baƙin ciki ya rufe ta ba dalili, ki ce maza a kira ungozomar asibiti ko likita a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ranar da za ki kai kayan, ki ɗauki hoton abin da ke cikin kwalin kafin a like, da hoton rasit da lambar bibiya, a tura wa surukinki nan take. In kamfani ko kwastam suka kira shi da tambaya ko neman biyan wani abu, ya amsa a ranar, domin kayan da aka bari ba amsa ana dawo da su ne ko a zubar. Takardun bizarki kuma ki ci gaba da bibiya, ko bayan arba'in ne zuwanki zai yi mata amfani. Allah ya kai kaya lafiya.